Wata Huɗu a Mararaba, Sauran a Dutsen Alhaji

Takardar ɗaukar aikin ta shigo mini ta imel ranar Alhamis, 25 ga Mayu, 2023, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Wani kamfanin sayar da kayan gini ne a unguwar Utako ta Abuja yake neman mai taimaka wa akanta. Ni kuwa shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa, ina zaune a Tudun Wadan Zariya ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi, a kan albashin da ko sabulu da man shafawa ba ya isa. Suka ce in kama aiki ranar Litinin, 5 ga Yuni. A daren na ɗauko biro da takarda na zauna lissafi: na mota kaza, na abinci kaza, na Umma kaza, na ajiya kaza. Har da rara na samu. Bayan kwana huɗu sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya tsaya a wurin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi, kafin makon ya fita litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja. Lissafina ya mutu tun ban hau mota ba.

Shawo kan Baba ma sai da ya ci kwana uku. Ba aikin ne ba ya so ba, zaman ne. Ya ce 'ya mace ba ta zaman kanta a bariki. Yayanmu ne ya shiga ya fita, har aka tsaya a kan zan sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, da ke aure a Mararaba. Na yi murna, don a zatona Mararaba wata unguwa ce a cikin Abuja, kamar a ce Sabon Gari ko Samaru.

Ranar Asabar da sassafe Yaya ya kai ni tashar Kwangila. Baba ya hana tafiyar yamma, saboda har lokacin in an ambaci Rijana da Katari, inda ake yawan sace matafiya a hanyar Kaduna zuwa Abuja, sai gaban mutum ya faɗi. Umma ta cusa mini daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da man shanu a gwangwanin madara, ina ta ƙorafin kaya sun yi yawa. Bayan azahar muka wuce Dutsen Zuma, wanda sai a jikin naira ɗari na san shi, muka sauka a Zuba. Daga nan na sake hawa mota biyu. Abujar da nake gani a talabijin, mai faffaɗan tituna da dogayen benaye, ta taga na hango ta na kamar minti ashirin, sai ta wuce. Da muka gangara Kugbo muka shiga Nyanya sai gari ya koma irin wanda na sani: ƙura, 'yan acaɓa, masu talla, kwata a buɗe. Gwaggo ce ta gaya mini a daren cewa Mararaba ba ma Babban Birnin Tarayya ba ne, ƙaramar hukumar Karu ce ta Jihar Nasarawa. Wato kullum sai na tsallaka jiha zan je aiki.

Makon farko takardu suka cinye shi. Lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, lambar BVN ta banki, takardar gama bautar ƙasa, takardar lafiya daga asibiti, hoto fasfo huɗu, buɗe asusun fansho. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne fom ɗin masu tsaya wa mutum. Tunda kuɗi zan riƙa taɓawa, sun ce sai mutum biyu sun sa hannu, ɗaya kuma dole ya zama babban ma'aikacin gwamnati. Mijin Gwaggo, da muke kira Kawu, ɗan kasuwar hatsi ne, shi ya cika ɗaya. Na biyun sai da Baba ya kira wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a sakatariyar tarayya. Na je ofishinsa sau biyu ban same shi ba. A na uku ya karɓi fom ɗin, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Saboda Malam zan sa hannu. Kada ki ba ni kunya." Na ce in sha Allahu. Ina fita na tsaya a bakin titi na yi ajiyar zuciya.

Aikin kansa bai tsorata ni ba. Shigar da rasit a kwamfuta, daidaita abin da banki ya nuna da abin da ke littafi, haɗa harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, na kashi 7.5, kafin 21 ga wata, da na albashin ma'aikata kafin 10 ga wata. Duk na karanta su a makaranta, kuma akantar da nake ƙarƙashinta, wata Madam 'yar Binuwai, mai faɗa ce amma tana koyarwa. Hanya ce ta kusa karya ni.

Ƙarfe takwas ake buɗe ofis, akwai littafin sa hannu, takwas da kwata ake ja jan layi. Ranar farko na fito shida da rabi ina ganin na yi sammako, na isa tara saura. Daga ranar na gane tsarin: ƙarfe huɗu da rabi na tashi, in ɗumama abincin da zan zuba a kula, in yi wanka, ana idar da asuba in fita. Hanyar Keffi zuwa Abuja guda ɗaya ce, kuma duk mutanen Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya da Karu ita suke bi a lokaci guda. In ka bari shida ta yi maka a gadar Mararaba, to ka shiga uku. Mota takan tsaya cak a hawan Kugbo har direba ya kashe inji ya fito yana miƙa. Sai an wuce shataletalen AYA numfashi yake dawowa. Daga nan in nemi ta Berger, daga Berger in nemi ta Utako, ko in taka da ƙafa in akwai sauran lokaci.

Motocin da ake kira alon su ne abin hawa: mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba. Ni da a Zariya ko a Keke Napep ba na yarda in matsu da namiji, sai ga ni a tsakiyar ƙarti uku, jaka a kan cinya, kula a kan jaka. Da yawan motocin ma ba na haya ba ne, na ma'aikata ne da ke ɗibar fasinja don su rage kuɗin mai. Wata rana wani mai kwat da wuyan taye ya ɗauke mu, yana tuƙi yana karɓar canji yana amsa wayar ofis. Kuɗin mota kuwa ba shi da tsayayyen farashi. In hadari ya haɗu ya tashi, in Litinin ce ya tashi, in mai ya yi wuya ya tashi. A watan Yuli da lita ta koma 617, abin da nake kashewa a hanya ya kusa kai kashi ɗaya cikin huɗu na albashina.

Tun daren farko Kawu ya zaunar da ni a kan 'yan wan-cans, ɓarayin da ke yawo da mota kamar ta haya, fasinjojin ciki duk nasu ne. Ya ce, "'Yata, kada ki shiga motar da gilashinta baƙi ne. Kada ki shiga wadda ta tsaya miki ke kaɗai. In kika ga an fito an ce ki shiga tsakiya, ki ce kin fasa. Katin banki kuma ki bar shi a gida." Na riƙe. Sau ɗaya da magariba a Berger na sa ƙafa a wata mota, na ga na baya su uku ba wanda ya ɗago ya kalle ni, ba mai waya a hannu, ba mai jaka. Jikina ya ba ni. Na ce na yi mantuwa, na janye ƙafata. Direban ya zage ni da Turancin buroka ya ja mota. Wataƙila bayin Allah ne, ni dai na gwammace zagin.

A ofis ni kaɗai ce Bahaushiya, sai maigadi, wani dattijo ɗan Gaidam, da direbobin manyan motoci biyu. Tun ranar farko sunana ya ɓace, na koma Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na saba in na shiga wuri in gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida. Nan kuwa kalma biyu ce, kowa ya duƙufa. Madam ta taɓa tambayata ko wani abu nake so, don ta ga na tsaya a gabanta ina jero gaisuwa. Wurin salla ma sai da na nema. Maigadin ne ya share mini wani lungu a sito, tsakanin buhunan siminti da kwalayen tayil, ya ba ni kwali in shimfiɗa ƙarƙashin darduma. Har yau goshina yakan fito da ɗan fari-fari, abokan aiki sun daina tambaya.

Babbar Salla ta faɗo ranar Laraba, 28 ga Yuni, albashi kuma sai ƙarshen wata. Ban je gida ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi Salla ban ga hawan Sarkin Zazzau ba, ban ci soyen Umma ba. Na yi ta yi wa Gwaggo yankan albasa ina fakewa da ita. Ranar Juma'a da yamma alat ya shigo. Na duba, na sake dubawa. A takarda an rubuta naira dubu 180, abin da ya shigo bai kai haka ba, don an cire kashi 8 na fansho, an cire haraji, an kuma cire kwanakin farkon wata da ban yi ba. Abin dariyar, ni da hannuna na buga jadawalin cire-ciren nan na kowa, amma ban taɓa kawo wa raina nawa ma haka zai fito ba. Na tura wa Umma da Baba na sa albarka, na saya wa Gwaggo atamfa, yaran gida kowa ɗari biyar-biyar. Kafin goma ga Yuli na fara ƙirga canji.

Gwaggo ba ta taɓa nuna mini komai ba, Allah ya saka mata. Amma ɗaki biyu ne da falo, yara biyar, ni ina kwana da 'yan matan uku a katifa ɗaya. Tashina na huɗu da rabi yana tada kowa. Ina dawowa tara na dare, lokacin an gama girki an gama wanke-wanke, sai dai in ci in kwanta, Asabar kuma in wuni barci kamar gawa. Ba wanda ya ce mini ba na taya aiki, ni ce na fara jin nauyi. Ranar da na yi gyangyaɗi a ofis na buga sifili ɗaya fiye da ƙima a kuɗin wani dila, Madam ta kama kafin ya fita, ta rufe ƙofa ta wanke ni tas. Da ta huce ta tambayi inda nake zaune. Na gaya mata. Ta ce in dai ina son aikin nan in bar hanyar Nyanya.

Gwaggo ce da kanta ta kira Baba a kan ya bar ni in kama ɗaki. Na ji tana cewa, "Yaya, yarinyar nan ta rame, hanya za ta kashe ta. Tarbiyyar da ka ba ta ba ɗaki ne zai canza ta ba." Ya yi shiru na kwana biyu, sannan ya ce to, amma gidan da akwai matan aure, kuma Kawu ya je ya gani da idonsa.

Neman ɗaki a Abuja sana'a ce mai zaman kanta. Cikin gari ban ma tambaya ba, Wuse da Garki da Jabi ba na irinmu ba ne. Aka ce in duba ɓangaren Kubwa, don titin can faffaɗa ne, ba ya cushewa kamar na Nyanya. Asabar huɗu na yi ina bin dillalai. Kowanne kafin ya taka sai ka ba shi kuɗin gani, kuma kai za ka biya masa acaɓa. Wani ya kai ni ɗakin da ya ce sabo ne fil, na tarar bango ya jiƙe har gwiwa, an shafe shi da fenti jiya-jiya. Wani ya nuna mini mai kyau a Dawaki, da muka zo maganar kuɗi ya ce shekara biyu ake biya a dunƙule. Sau biyu masu gida suna fasa ba ni da suka ji ba ni da aure. Ɗaya Bahaushe ne ma, da carbi a hannu, ya ce, "Ina maigidan naki?" Na ce ba ni da shi tukuna, ranka ya daɗe. Ya ce gidansa ba na 'yan mata ba ne. Na so in ce masa katin aikina yana jaka, sai na ga ba abin da yake tambaya ke nan ba. Na yi masa sai an jima.

A Dutsen Alhaji, cikin yankin Bwari, na samu. Ɗaki ɗaya mai banɗaki da ɗan kicin a ciki, a gida mai ɗakuna shida. Wannan karon da Kawu na je, sanye da babbar riga, shi ya yi magana, ni ina gefe kamar ba ni zan biya ba. Haya naira dubu 450 a shekara. Na ce alhamdulillahi, sai dillali ya ci gaba da karantowa: kashi goma nasa, kashi goma na lauya da ban taɓa gani ba, dubu 30 na ajiya ko za a yi ɓarna. Ya tashi dubu 570. Abin da na tara bai kai rabi ba. Yaya ya ranta mini, Umma ta sayar da tunkiyarta biyu ba tare da ta gaya mini ba, sai daga baya ƙanwata ta tsegunta mini. Ranar 1 ga Oktoba na tare da katifa, bokiti biyu, ƙaramar tukunyar gas, tukwane biyu da Gwaggo ta ba ni, da labulen da na sayo a kasuwar Dutse.

Tafiyar da ke cin awa biyu da rabi ta dawo minti arba'in. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A gidan Gwaggo ban san nawa ake sayen ruwa ba. Nan kuwa, ga madatsar Usuma da ke shayar da birnin kusa da mu, amma bututu bai shigo layinmu ba, sai 'yan ga-ruwa. Na koyi jarka nawa ke kai ni mako, na koyi tara ruwan wanki don banɗaki, na koyi sa bokiti a bakin indararo. Mitar wuta guda ce ta kati, mu shida muke karo-karo, kuma duk wata sai an yi rigima a kan wa ke da dutsen guga, wa ke da abin dafa ruwa. Akwai kuɗin shara, akwai na 'yan sintiri. A gidanmu na Zariya duk waɗannan Baba ne, ban taɓa ganin takardarsu ba.

Kayan Umma da na raina su suka riƙe ni. Ranar Lahadi nake girkin mako: miyar kuka ko ta kuɓewa, wake da shinkafa, wani lokaci ɗanwake in na ji kwaɗayi. Abincin sayarwa a Utako plate ɗaya ya isa cefanen kwana biyu, don haka kula ta zama abokiyar tafiya. Abokan aiki da suke toshe hanci in na buɗe miyar daddawa, yanzu Madam da cokalinta take zuwa.

Shirun ne ban shirya masa ba. Na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa sai dare, yara na shiga, maƙwabta na aiko a sam musu gishiri. Nan in na turo ƙofa na murɗa makulli, sai ƙarar fanka, in akwai wuta. Makonnin farko nakan kira Umma mu yi awa guda, ba wata magana, in ji tana faɗa da ƙannena, in ji kiran sallar masallacin layinmu ta cikin wayar. A Nuwamba zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana biyu ban fito ba, ina jin kunyar kiran Gwaggo ta taso tun daga Mararaba. Matar ɗakin da ke kallon nawa, 'yar Igala ce mai ɗinki, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ita ta lura takalmina bai motsa daga bakin ƙofa ba. Ta yi ta bugu har na rarrafo na buɗe. Ta kira mai Keke, ta kai ni wani ƙaramin asibiti aka yi gwaji aka ba ni magani, ta dawo ta dafa mini farfesu mai yaji har hawaye. Da Hausarta mai karkacewa ta ce, "Ƙanwata, a nan in ba ka buga ƙofar mutum ba, ba wanda zai san ka mutu." Tun daga nan in zan yi dare nakan gaya mata, ita ma in za ta kasuwa takan bar mini ɗanta.

Ta hanyarta na shiga adashen matan layin, mu goma, dubu 40 duk wata. Da kwasar farko na biya Yaya rabin bashinsa. Na sami Islamiyyar matan aure ta ranar Asabar a bayan kasuwa, a nan na haɗu da 'yan Zariya biyu, ɗaya ma unguwarsu ɗaya da kakata. A Disamba aka ba ni takardar tabbatarwa a aiki, bayan wata shida na gwaji, da ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Na hau jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa na je gida kwana huɗu. Umma ta ce na yi baƙi kuma na koyi saurin magana. Baba bai ce komai ba, sai da zan dawo ya ba ni buhun masara rabi ya ce a kai wa maƙwabciyar nan tawa.

Azumin 2024 ya kama a tsakiyar zafin Maris. Sau da yawa a mota nake shan ruwa, tsakanin Katampe da Galadima, da dabino uku a jaka da ledar ruwa. Wata rana direban, wanda ba Musulmi ba ne, ya ji an kira salla a rediyo, ya gangara gefen titi ya tsaya wurin mai lemo ya ce masu azumi su saya, zai jira. Fasinja ɗaya ya yi gunaguni, sauran suka yi masa caa.

A watan Yuli mai gida ya aiko ɗansa da takarda, kowane ɗaki guda. Daga Oktoba haya ta koma dubu 600. Muka taru a tsakar gida da daddare, mu shida, aka wakilta mijin maƙwabciyata da wani malamin makaranta su je su ba shi haƙuri. Sun dawo da dubu 550. Kwasata ta biyu a sabon zagayen adashe sai Nuwamba, don haka na je wurin uwar adashe na roƙa a musanya mini da mai ɗaukar Satumba. Ta ce za ta yi mata magana, amma matar tana da bikin ƙanwa a watan, kada in sa rai sosai.